Ƙusar Bencin Malam Badaru

A ma'aikatarmu in ka ce Badaruddeen Isiyaku, sai a tsaya ana tunani. In ka ce Malam Ƙusa, har masu shara za su nuna maka inda teburinsa yake a da.

Abin ya faru ne wata Juma'a da safe. Akwai wani dogon benci na katako a barandar hawa na biyu, daura da ƙofar darakta, inda masu neman sa hannu ke zama: malaman makaranta da ke son a mayar da su kusa da gida, ma'aikatan jinya da aka rubuta musu ranar haihuwa ba daidai ba, da masu bin takardar ƙarin girma. Malam Badaru akawu ne a ɗakin fayil. Shekara talatin da biyu yana wuce bencin nan da fayil a hammata, bai taɓa ɗora jikinsa a kai ba. Ran nan ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ya sha sabuwar shadda ruwan toka, ya bar agogo da waya a gida, ya zo ya yi wa mutanen benci sallama kamar baƙo. Ya tarar da su a matse gefe da gefe, ga fili a tsakiya da zai ɗauki mutum guda, ba kowa. Ya yi bismillah ya zauna.

Duk wanda ya taɓa kwana biyu yana jira a wurin ya san dalilin filin nan. Ƙusa ce ta ɗago kai daga katakon. Malam Badaru ya ji ta tun zaman farko, amma bai tashi ba, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba. Ya dai muskuta kaɗan ya ci gaba da zama. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka murɗa ƙofar darakta, mutanen benci suka miƙe zumbur kamar yadda suka saba, shi ma jikinsa ya miƙe da shi kafin ya yi shawara. Ƙusa ta riƙe riga da wando, ta ƙi saki. Ƙarar yagewar har ɗakin buga takardu inda nake aiki sai da ta kai.

Ba darakta ne ya fito ba ma. Felicity ce, sakatariyarsa, ɗauke da kofin shayi. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta Abuja, "Baba Badaru, wandonka ta tafi hutu ne ita ma?"

Da fayil ɗin wani malamin firamare ya rufe bayansa ya sauka bene, malamin na biye da shi yana roƙon a yi hankali da takardunsa. Ni na kai shi gida Dutse Alhaji a tsohuwar motata, don unguwarmu ɗaya, kullum tare muke zuwa aiki. Na yi ta dariya har muka wuce Gwarinpa. Shi kuwa ya ari birona yana rubutu a bayan ambulan.

Mutumin Soba ne, ta wajen Zariya. Ya shigo Abuja yana ɗan shekara ashirin da biyu, aka ɗauke shi masinja, a hankali ya zama akawu, daga nan ya tsaya cak. Ba ya da wani aibu sai rashin digiri. Yaran da ya koya wa yadda ake ɗaure fayil sun zama jami'ai, suna kiransa da ƙararrawa. Buri ɗaya gare shi, kuma kowa ya san shi: a sauya masa layi daga akawu zuwa jami'i kafin ya cika shekara talatin da biyar a aiki. Takarda ce guda ɗaya, shafi ɗaya, darakta ke sa mata hannu. Ya taɓa ce mini ko wata ɗaya ne yana son ya zauna a kujera mai jingina, a ofis mai ƙofa, wani ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo.

Yana da shekara hamsin ya nemi karatun Asabar da Lahadi a wata jami'a da ke bayan gari. Fannin mulki ya nema. Aka ce ya cika, amma akwai fili a falsafa. Ya tambaya ko digirin falsafa digiri ne, aka ce digiri ne, ya ce a rubuta shi. Maƙwabta a Dutse Alhaji suka yi ta ja masa kunne cewa karatun nan yana raba mutum da salla. Bai raba shi da salla ba. Abin da ya raba shi da shi shi ne shiru a mota.

A shekara ta uku suka shiga wani darasi mai suna finominoloji. Na yi mako guda ina koyon faɗar sunan kawai. Malam Badaru ya bayyana mini shi a cunkoson Kubwa. Ya ce kowane abu da muke gani, mun riga mun lulluɓe shi da abin da muka sani a kansa, har ba ma ganinsa. Aikin wannan darasi shi ne ka tattara abin da ka sani ka ajiye gefe tukuna, ka duba yadda abin yake zo maka, a jikinka, a wannan lokacin, ka faɗe shi yadda ya zo ba tare da ka yanke masa hukunci ba. Na ce to ya duba yadda motar gabanmu ke zo mana, don birkina ba shi da kyau. Ya yi murmushi irin na mai tausaya wa jahili.

Da lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, malamarsu, Dakta Zuhra, ta ce kowa ya zaɓi abu ɗaya daga rayuwarsa. Shi ya zaɓi jira. Ya kai mata shafi ashirin, ta karanta ta mayar masa. Ta ce wannan jira ne kamar yadda mai ɗauke da fayil ke hango shi yana wucewa, ya je ya zauna ya ji. Dalilin shaddar nan ke nan, da barin agogo a gida. Kuma dalilin da ya sa bai tashi daga kan ƙusa ba ke nan: an ce masa kar ya yi saurin yanke hukunci.

Sunan Malam Ƙusa ya bi shi tun daga ranar Litinin. Wasu na cewa Furofesan Benci. Wanda ya fi kowa jin daɗin abin shi ne Oga Bello, mataimakin darakta, mutum mai ƙamshin turare da dariya mai sauti, wanda duk takardar da za ta shiga wurin darakta sai ta bi ta teburinsa. Ko a masallaci suka haɗu sai ya shafa darduma da hannu ya ce, "Furofesa, na duba maka, ba komai, zauna."

Malam Badaru bai daddara ba. Duk ranar hutunsa ta wannan shekarar a bencin nan ya ƙarar da ita. Ya karanta mini wasu wurare daga kundin, da Turanci ya rubuta, ga abin da na riƙe. Ya ce mai jira ba ya lissafa lokaci da awa, yana lissafa shi da buɗewar ƙofa. Ya ce mai jira ba ya shan ruwa, don kar ya zaga a kira sunansa. Ya ce yana gaishe da mai shara da ladabin da ba ya yi wa yayansa, domin bai san wa ke da hanya ba. Ya ce akwai takalmin da in ya taho, wuyan kowa a benci yakan miƙe tare, in ya wuce ya koma tare. Ya ce kalmar "gobe" in ta fito daga bakin ma'aikaci ba ta da nauyin komai, amma in ta sauka a kan mai jira tana da nauyin mota uku da kwanan tasha. Wannan ta ƙarshe ta ɗan taɓa ni, don ni ma na faɗe ta ba adadi.

Da a nan ya tsaya, da ya ci digirinsa lafiya ya samu takardarsa. Dakta Zuhra ce ta ƙara masa tambaya ɗaya. Ta ce babi na ƙarshe na falsafar aiki ne, wato abin da ya kamata mutum ya yi da abin da ya gani. Ya ce ta kalle shi ta saman tabarau ta ce, "To, Malam, ka gani. Me ganin ya ɗora maka?"

Abu na farko da ya yi, ya zo da filaya daga gida ya zare ƙusar. Washegari aka ba shi takardar tuhuma kan taɓa kayan gwamnati ba izini, aka umarce shi ya miƙa ƙusar ga ofishin Oga Bello. Ya miƙa ta a cikin ambulan, ya sa hannu.

Abu na biyu shi ne babba. Akwai al'ada a hawa na biyu, wadda ba a rubuce take ba amma ta fi rubutattu ƙarfi: ba a cewa darakta ya yi tafiya. Ko yana Legas, hularsa na nan a rataye, tabaransa na kan tebur, esi na sanyaya ɗakin. Ƙarfe goma Felicity za ta shiga da shayi, ta rufe ƙofa, ta shanye abinta, ta fito da kofi. In an tambaya a ce oga na cikin taro, a ɗan jira, in rana ta yi a ce a zo gobe. Hikimar ita ce kar labari ya kai sama cewa kujera ba kowa.

A lokacin akwai wata ma'aikaciyar jinya, Safiyatu, daga wani ƙaramin asibiti can gaba da Kwali. An yi kuskure a ranar haihuwarta, an ƙara mata shekara tara, har ana shirin yi mata ritaya tana da ƙuruciyarta. Sau goma sha ɗaya tana zuwa. Mota uku take hawa, ta bar marasa lafiya da abokiyar aikinta ɗaya. Malam Badaru ya san darakta ya tafi wani kos na horo na mako uku. Ya zo wucewa da fayil, ya tsaya, ya sunkuya ya gaya mata a hankali cewa ta koma gida, ba kowa a ɗakin nan sai hula, ta dawo bayan ashirin ga wata.

Shi a tunaninsa za ta yi godiya ta sauka bene. Ya karanci jira, bai karanci abin da ke faruwa in an yanke shi ba. Safiyatu ta miƙe ta tari Felicity a bakin ƙofa da kofi a hannu, ta tambaye ta a gaban mutum ashirin wa take kai wa shayin nan kwana huɗu ke nan. Felicity ta ce wa ya gaya mata wannan maganar banza. Safiyatu ta juya ta nuna shi da ɗan yatsa. Yana tsaye da fayil a hammata, ko gudu bai yi ba.

Fayil ɗin Safiyatu ya koma ƙasan tari. Wata biyar ta ƙara tana zuwa. Ranar da suka haɗu a bene ya gaishe ta, ta tsaya ta ce, "Baba, da ka yi shiru ka bar ni da zatona, da yanzu na gama. Gaskiyarka ta ci mini wata biyar." Ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Amma ya sa maganarta a babi na ƙarshe, kalma da kalma, kuma Dakta Zuhra ta ba shi maki mafi girma a ajinsu.

Ya karɓi digiri yana da shekara hamsin da biyar, saura wata ashirin ya yi ritaya. Ya rubuta takardar neman sauyin layi. Doka shaidar digiri kawai ta nema, amma don murna sai ya haɗa har da kundin, mai baƙin bango da rubutun zinariya, ya kai teburin Oga Bello da hannu biyu. Na hana shi. Ya ce ai bai ambaci sunan kowa ba.

Bai ambata ba kuwa. Sai dai an koya masa ya faɗi abu yadda ya zo, shi kuma ɗalibi ne mai biyayya. Duk wanda ya karanta ya san takalmin wa ake nufi. Akwai shafi biyu cur a kan wani tari da ake yi a bayan ƙofa, na mutumin da ya ji sallama kuma ba ya son amsawa. Ma'aikatar nan kaf mutum ɗaya ke irin wannan tarin, kuma a teburinsa aka ajiye kundin.

Oga Bello ya mayar da kundin abin shan shayi. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ya tara yaransa, ya aika a kira marubucin ya kawo wani fayil, ya bar shi a tsaye, ya buɗe shafi yana karantawa da muryar masu wa'azi. In ya kai wurin wuyan da ke miƙewa, sai yaran su miƙe wuya tare, a fashe da dariya. Na shiga sau ɗaya kai takarda na tarar ana yi. Na yi dariya ni ma. Oga ne ke ba da labari, kuma ina da 'ya'ya a makaranta. Malam Badaru ya dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon nan nasa na mai son ya riƙe yadda abu ya zo.

Da ya tambayi takardarsa, Oga Bello ya ce ai yanzu an gyara tsari, kuma littafin furofesa ne ya jawo gyaran: ba son kai, ma'aikaci mai buƙatar kansa zai bi layi kamar kowa. Wato benci. Don haka kullum in an tashi hutun rana, mu mu tafi cin abinci, shi ya hau hawa na biyu ya zauna tsakanin baƙi da katin aikinsa a wuya. Felicity ta leƙo ta ce masa oga na cikin taro. In ya ɗaga kai ya dubi hular ta taga, sai ta ce, "Kin ga hula, Baba. Ki zo gobe."

Wata goma sha tara ya yi a haka. Na ce ya nemi wani babba ya sa baki, ya ce mutanen benci ba su da babba. Na ce ya shiga ya ba Oga Bello haƙuri, ya ce ya ba shi sau biyu, an karɓa da fara'a, an ce ya jira a waje. Ya rame. Shaddar nan da matarsa ta kai aka yi mata ɗinki a baya ita ce ya ci gaba da sawa ranar Juma'a, ɗinkin na nan kamar layin kwalta.

Ranar ƙarshe aka yi masa walimar sallama a ɗakin taro, da lemo da fanke. Aka yi jawabai. Oga Bello ya ce ma'aikata ta yi rashin masani. Sannan ya ce akwai kyauta biyu. Ta farko ƙaramin akwati ne an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Malam Badaru ya buɗe a gaban kowa. Ƙusar ce, an kwantar da ita a kan auduga. Ɗakin ya ɗauki tafi, har da masu buga tebur.

Ta biyu ambulan ce. Ya buɗe, ya karanta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini. Takardar sauyin layi ce, da sa hannun darakta da hatimi. An amince. Na duba kwanan wata: wata tara da suka wuce. A ƙasa an rubuta cewa sai mai ita ya karɓa ya kama aiki a sabon matsayi cikin kwana talatin, in ba haka ba ta faɗi.

"Ta ɓuya ne a cikin wani fayil," in ji Oga Bello, yana goge ido saboda dariya. "Jiya muka gan ta. Ka san halin fayil, ai kai ne malaminmu a nan."

Wata tara yana zaune a benci, takardar na cikin aljihun teburin Oga Bello, taku shida daga inda yake. Malam Badaru ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya sa akwatin ƙusa a na gefe. Ya yi godiya ga darakta, wanda bai samu halarta ba saboda yana cikin taro. Ya yi godiya ga masu shara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi gafarar duk wanda ya taɓa ce wa ya zo gobe. Wannan ma an yi mata dariya, an ɗauka cikin wasan ne.

Yanzu shekararsa biyu a gida. Yana zama da la'asar a gaban shagon wani mai kayan masarufi a bakin hanyar Bwari, yana rubuta wa mutane takardun koke kyauta, yana gaya musu gaskiyar kwana nawa za su yi kafin a duba. Wasu ba sa dawowa, sun fi son mai ce musu gobe. Dakta Zuhra ta aiko ya zo ya yi digiri na biyu, ya ce sai ya yi shawara da gwiwoyinsa. Kujera mai jingina dai bai samu ba, shagon ma benci ne. Kafin ya zauna sai ya bi katakon da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, ko da shi ya tashi daga kai minti biyar da suka wuce.

Makon jiya na biya ta wurin na same shi yana wannan shafar. Na kasa haƙuri. Na ce, "Malam Ƙusa, yau dai ka gaya mini. Shekara biyar kana karatu, an yi maka dariya, an yage maka shadda, takarda ta mutu a aljihun tebur. Ban da ƙusa a akwati, me ka fito da shi?"

Ya gama shafarsa, ya zauna, ya matsa mini wuri.

"Kar ka raina ta, Lukmanu," ya ce. "Shekara talatin da biyar na yi a ginin nan. Ita kaɗai ce ta saurare ni a ranar da na zo."